Da Aka Rufe Ƙofa, Kekunan Ɗinki Suka Fita: Nazarin Zauren Ƙere-ƙere na Wani Ɗakin Karatu a Kebbi Lokacin Korona

Ranar 11 ga Maris 2020, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, ita ce ranar da aka buɗe bikin kamun kifi na Argungu bayan an shafe kusan shekara goma ba a yi shi ba. A garinmu, wanda ke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, duk wanda ya sami mota ko babur ya nufi bakin kogin Matan Fada inda ake kamun kifin, kuma ko da yake an ji a rediyo cewa tun ranar 27 ga Fabrairu aka sami wani ɗan Italiya ɗauke da cutar a Legas, babu wanda ya ɗauka maganar za ta iso ƙofar gidansa. Mako biyu bai cika ba aka rufe makarantu daga ranar 23 ga Maris, ɗakin karatun al'umma da nake sakataren kwamitinsa shi ma aka sa masa kwaɗo.

Wannan rubutu ya shafi ɗaki ɗaya ne daga cikin ɗakuna biyu na ginin, wanda muke kira zauren ƙere-ƙere, da abin da ya same shi daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen shekarar. Na dogara da littafin da nake rubuta zaman kwamiti, da littafin aro wanda maganarsa za ta yawaita a gaba, sannan da abin da na gani da idona.

Yadda zauren yake kafin annoba

Tunanin ajiye kayan aiki a cikin ɗakin karatu domin kowa ya zo ya ƙera abin da yake so ya yi fice ne daga Amurka, inda ɗakin karatun garin Fayetteville na jihar New York ya buɗe irin wannan wuri a wajajen 2011, birnin Chicago ya bi sahu a 2013. Abin da aka fi sanin wuraren nasu da shi shi ne na'urar nan da ke narka roba tana jera ta hawa-hawa har ta fitar da siffar abin da aka zana mata a kwamfuta. Mu ba mu taɓa mallakar irinta ba. Abin da ke cikin namu zauren kekunan ɗinki ne guda 3 na takawa da ƙafa, da tebur ɗaya na gyaran kayan lantarki mai ƙarafan narka dalma 2 da mitar auna wuta ɗaya, da kwamfuta 2, da na'urar buga takardu, da farantan sola da batir da ke ɗaukar fitila da fanka da kwamfutocin idan an ɗauke wuta.

Ga mutumin Kebbi, koyon sana'a ta hanyar kallon mai yi ba sabon abu ba ne, domin haka ake yi a maƙera da rumfar tela da garejin bakanike. Bambancin zauren shi ne ba a kai yaro a damƙa shi ga ubangida na shekaru, ba a kuma biyan kuɗin koyo. Yarinya 'yar sakandare kan zo bayan La'asar ta koyi yanka riga wurin wata malamar firamare da ta yi ritaya, wadda kowa ke kira Malama, samari kuma su zagaye teburin lantarki suna farfaɗo da tocila da rediyo da cajar waya. Doka ɗaya ce ba a taɓa karyawa ba tun kafa wurin: littafi yana fita aro, amma kayan aiki ba sa tsallake ƙofa, ko da almakashi ne.

Gwajin farko: komawa waya

A makon farko na Afrilu matasan kwamiti suka kawo shawarar a mayar da koyarwa kan waya, kamar yadda suka ga ɗakunan karatu na ƙasashen waje suna yi. Aka buɗe zauren WhatsApp, aka ɗauki Malama a bidiyo tana nuna yadda ake sa zare da ɗaure kwarkwaro, aka tura. Cikin 'yan kwanaki muka gane gwajin bai karɓu ba, kuma dalilan sun cancanci a tsaya a kansu, domin ba na ƙin koyo ba ne.

Yawancin 'yan matan da ke zuwa ɗinki ba su da wayar kansu. Lambar da suka ba mu ta uba ce ko ta yaya, shi kuwa mai wayar yana fita da ita tun safe zuwa fadama ko kasuwa, idan ya dawo da dare ba lallai ne ya yarda datar da ya saya da ƙyar ta ƙare a bidiyo mai nauyi ba. Wadda ta yi sa'a ta kalla kuma sai ta tarar babu keken da za ta gwada a kai. Ɗinki abu ne na ƙafa da hannu, sai an ji nauyin fedar an daidaita tafiyar yadi, kallo kaɗai ba ya shigar da shi jiki. Abin da ya ɗan yi amfani daga wannan gwaji shi ne saƙon murya, wanda ba ya cin data sosai kuma ba ya buƙatar iya karatun boko, sai kuma zuba bidiyon a katin memori ana turawa daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba, kamar yadda matasa suka saba raba wa'azi da waƙoƙi. Waɗannan biyun muka riƙe, sauran muka bari.

Shawarar fitar da kekuna

Garinmu bai ga kulle irin wanda aka ƙaƙaba wa Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris ba, kasuwa tana ci, manoma suna fita. Amma bayan jawabin Shugaba Buhari na ranar 27 ga Afrilu, wanda ya rufe Kano ruf, ya kuma sanar da cewa daga 4 ga Mayu za a hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, a hana zirga-zirga tsakanin jihohi, a kuma tilasta sa takunkumi a bainar jama'a, sai buƙatar takunkumi ta taso gaba ɗaya. Na asibiti ya yi tsada kuma ya yi wuyar samu a kemis, telolin gari kuwa azumi ya kama tun 24 ga Afrilu, hankalinsu yana kan ɗinkin Sallah.

A wannan makon kwamiti ya zauna a ƙarƙashin dogon yaron da ke gaban ginin, kowa da tabarmarsa nesa da ɗan'uwansa. Malama ce ta kawo maganar a ba da kekunan aro zuwa gidaje. Malamin da ke kula da ɗakin karatu ya ƙi, kuma ƙin nasa yana da hujja: ya shekara da shekaru yana bin yara gida-gida kan littattafan da ba a dawo da su ba, ya kuma san cewa keke ɗaya ya fi kuɗin littattafan kanta guda. Ya ce abin da aka tara da gudummawar jama'a amana ne a hannunsa, idan ya salwanta shi za a tambaya. Malama ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Malam, keke in ya yi wata ukku ba a taka shi ba, tsatsa ce za ta ci shi. Gara ya lalace hannun mai aiki da ya lalace cikin ƙura." Na rubuta maganar a littafin zama kamar yadda ta faɗe ta.

A lokacin wani daga cikin matasan ya karanto mana cewa ɗakin karatun birnin Toronto na Kanada ya ba wani asibiti aron na'urorinsa na ƙera roba domin a yi wa ma'aikatan lafiya garkuwar fuska, wasu wuraren kuma ma'aikatan sun kwashi na'urorin zuwa gidajensu suna aiki da wani zane da kamfanin Prusa na ƙasar Cek ya saki kyauta. Wannan ya taimaka wajen sassauta zukata, domin ya nuna cewa ba mu kaɗai ne muke tunanin kayan aiki su bar gini ba. Amma abin da ya raba gardamar shi ne sharuɗɗan da mai kula da ɗakin karatun ya gindaya da kansa bayan ya ga rinjaye ya koma ɗaya ɓangaren. Keke ba zai fita ba sai mai gidan da za a kai shi ya zo ya sa hannu ko ya dangwala, sai kuma mai unguwa ya lamunce. Aron na mako biyu ne, ana iya sabuntawa. Duk wadda ta karɓa dole ta bar maƙwabta biyu aƙalla su riƙa aiki a kai a lokuta daban-daban, rabin abin da aka ɗinka na ɗakin karatu ne a raba kyauta, rabin kuma nata ne ta sayar.

Na halarci fitar keke na farko. An kwance kan daga teburinsa an naɗe shi da tsohon bargo, aka ɗora ƙafar ƙarfen a baro, yara biyu suna turawa. Mai kula da ɗakin karatu ya buɗe sabon littafi mai bango baƙi, ya ja layuka da rula, ya rubuta lambar da ke jikin keken, sannan ya ƙirga abin da ya bi shi ɗaya bayan ɗaya: kwarkwaro 4, allura 6, almakashi, tef ɗin awo, kwalbar mai, ƙaramin sukundireba. Da muka isa gidan muka tsaya a zaure, maigidan ya yi sallama ciki, Malama kaɗai ta shiga ta haɗa keken a rumfar tsakar gida. Muna zaune muna jin ƙarar feda ta fara tashi a hankali, ta tsaya, ta sake tashi, har ta daidaita.

Abin da ban yi tsammani ba, kuma shi ne mafi muhimmanci a duk wannan lamari a ganina, shi ne su wane ne suka hau kekunan. A cikin gidajen akwai matan aure da ke cikin kulle tun kafin a san wata cuta mai suna korona, waɗanda ba su taɓa taka ɗakin karatun ba kuma ba za su taka ba, domin wuri ne da samari ke zama. Shekarun da muka yi muna cewa zauren na kowa ne, a gaskiya na wanda zai iya fitowa ne kawai. Da keken ya shiga tsakar gida sai ga uwar yarinyar da ke koyo, wadda ta iya ɗinkin hannu tun tana budurwa, ta fi 'yarta saurin kama shi, sai ga matar maƙwabci ta shigo ta ƙofar baya da goyonta. Littafin aro ya nuna cewa sunayen da aka rubuta a ƙarƙashin kekunan uku tsakanin Mayu da Agusta, mafi yawansu ba su cikin tsohuwar rajistar masu zuwa zauren.

Takunkumin kansa

Na farkon da aka ɗinka ba su yi kyau ba. Falle ɗaya ne na ragowar atamfa, da roba mai tauri da ke cin bayan kunne, ga shi lokacin zafin Afrilu da Mayu ne da ma'auni ke haura digiri 40 a Kebbi, mai azumi kuma ba ya jure abin da zai ƙara masa ƙunci. Malama ta yanka samfuri da kwali iri uku, na babba da na mace da na yaro, aka raba wa kowane gida, aka koma falle biyu na yadin auduga mai laushi, aka maye gurbin robar da igiyar yadi da ake ɗaurewa a ƙeya. Ga mata masu hijabi igiyar ta fi sauƙi, domin ana ɗaura ta a kan hijabin ba sai an nemi kunne ba. Gwajin da matan suke yi shi ne ɗaga yadin sama a rana, idan haske yana ratsawa sosai a ajiye shi. Wannan ba gwajin masana ba ne, amma ya raba mu da yadudduka masu shara-shara.

Ranar 5 ga Yuni Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabuwar shawara cewa takunkumin yadi ya kasance hawa uku: na ciki mai shan danshi kamar auduga, na tsakiya wanda ba saƙa ba ne domin ya tace, na waje kuma wanda ba ya shan ruwa. Na tsakiyar ne ya ba mu wahala, har wata daga cikin matan ta lura cewa jakunkunan nan marasa saƙa da ake raba kayan biki a ciki irin yadin ne. Aka riƙa wanke su ana yankawa, aka bar wa takunkumin baki a gefe domin a zare wannan falle kafin a yi guga, saboda dutsen guga na gawayi yana narka shi. An tura wannan bayani ta saƙon murya, kuma a nan ne saƙon ya nuna amfaninsa, domin kwana biyu kacal ya ɗauka ya zagaye gidajen.

Ba zan ce takunkuman sun hana cuta yaɗuwa a garinmu ba, domin da yawa daga waɗanda aka ba suna saukar da shi haɓa da zarar sun wuce shingen jami'ai, wasu kuma ba su yarda akwai cutar ba tun farko. Abin da na tabbatar shi ne dattawan masallacinmu da masu jinya a ƙaramin asibitin gari sun sami abin rufe hanci ba tare da sun biya ba, matan da suka ɗinka kuma sun sami kuɗin cefane a watan da mazajensu masu fatauci suka rasa hanyar fita jiha.

Kan batun ko kayan aro za su iya ɗauko cutar daga gida zuwa gida, mun bi abin da aka sani a lokacin. Wani bincike da aka buga a Amurka a watan Maris ya nuna ƙwayar cutar tana iya kai kwana uku a jikin roba da ƙarfe, wani kuma da aka yi musamman kan kayan ɗakunan karatu ya nuna a watan Yuni cewa bayan kwana uku ba a ganin ta a jikin littattafan da aka gwada. Saboda haka duk abin da ya dawo, littafi ne ko almakashi, sai ya kwana uku a kwali kafin a taɓa shi. Daga baya masana suka bayyana cewa ta numfashi cutar ta fi yaɗuwa, wato iskar ɗaki ta fi bangon littafi haɗari, kuma hakan ne ya sa da aka fara buɗewa muka fifita baranda a kan ɗaki.

Bokitin takawa, da abin da muka ƙi yi

Samarin teburin lantarki su ne suka rasa abin yi, sai aka haɗa uku daga cikinsu da wani dattijo mai walda a bakin tasha domin su ƙera mazaunin wanke hannu. Asalin tsarin shi ne bokiti mai famfo da wata ma'aikaciyar lafiya 'yar Ghana, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro, wanda ake kira da sunanta. Matsalarsa ita ce kowa sai ya murɗa famfon da hannun da bai wanke ba, don haka aka yi masa feda biyu, ɗaya ta ruwa ɗaya ta sabulu. Na farko da suka haɗa fedar ba ta komawa sama idan an ɗaga ƙafa, ruwan ya tsiyaye duka. Dattijon ya dubi abin ya ce wa babbansu, "Ɗana, je ka garejin masu babur ka roƙo mini sifirin na jak da sunka yar." Da wannan sifirin da wayar birki ta keke aka gyara shi, kuma duk waɗanda aka yi bayansa haka aka yi su.

An kafa guda 5: biyu a masallatai, ɗaya a bakin kasuwa, ɗaya a asibiti, ɗaya a ƙofar ɗakin karatu. Bayan wata biyu na zagaya su. Na kasuwa ya bushe, an cire masa famfo. Na masallatan suna aiki, domin ladan ya haɗa cika su da cika butocin alwala, mutanen da suka saba wanke hannu sau biyar a yini kuma ƙara musu sabulu bai zama baƙon abu ba. Ƙirar duka iri ɗaya ce, abin da ya raba su shi ne ko akwai mutum takamaimai da ɗebo ruwan ya rataya a wuyansa, kuma wannan tambaya ce da ya kamata mu yi kafin a kunna injin walda, ba bayan an kafa ba.

Akwai kuma abin da kwamiti ya ƙi. Wani ɗan kasuwa ya nemi mu riƙa haɗa masa sinadarin tsaftace hannu a zauren, shi zai kawo kayan haɗi da kwalabe, a raba riba. Tsarin haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a fili yake, sinadarin etanol ya kai kashi 80 cikin 100, da ɗan gilisarin da ɗan haidirojin feroksaid. Amma ba mu da abin auna ƙarfin ruwan da zai kawo a jarka, ba mu kuma da hanyar rarrabe shi da metanol, wanda guba ne da ke makantarwa har ya kashe. Abin da bai kai ƙarfi ba yaudara ce ga mai shafawa, mai guba kuma ya fi cutar da ake gudu. Asusunmu a lokacin babu komai a ciki, kuma wasu 'yan kwamiti sun ji zafin barin kuɗin, amma har yau ina ganin wannan ƙin yana cikin mafi kyawun abin da muka yi. Maimakonsa aka koya wa mata biyu haɗa sabulun ruwa, wanda shi ake zubawa a bokitan.

An kuma gwada garkuwar fuska da farar robar da ake yi wa takardu bango da soso da igiya. Masu kemis sun karɓa, amma tana saurin karcewa da yin gumi, ba mu yi da yawa ba.

Abin da aka rasa

Teburin lantarki bai sami hanyar rayuwa a wajen ginin ba. Ƙarfen narka dalma yana buƙatar wuta mai tsayawa, wadda yawancin gidaje ba su da ita, yana kuma buƙatar babba a kusa domin yana ƙona hannu da tabarma. Ba mu ba da shi aro ba, kuma samarin da suka fi ƙwazo a kansa suka watse, wasu gona da damina ta faɗi, wasu kabu-kabu. Da aka sake buɗewa kaɗan ne suka dawo. A cikin 'yan matan ma akwai biyu da aka yi wa aure a cikin watannin da makarantu suke rufe, ɗaya a garin, ɗaya a wani ƙauye wajen Augie, kuma ta ƙauyen ba mu sake jin ɗuriyarta ba.

Batirin sola ya mutu, wannan kuma sakacinmu ne mu 'yan kwamiti, ni a ciki. Irin mai ruwa ne da ke buƙatar a duba shi a ƙara masa ruwan batir lokaci zuwa lokaci, muka bar shi a rufaffen ɗaki cikin zafin bazara hankalinmu yana kan kekuna, har farantan cikinsa suka bushe. Kuɗin sabo ya fi duk abin da takunkuman suka shigo da shi. Ya kamata a ranar da aka sa kwaɗo a rubuta abin da ke lalacewa idan an bar shi, a kuma ɗora wa wani duba shi duk mako.

Keke ɗaya ya dawo a watan Yuli ba ya ɗaukar zare, domin an tilasta shi ɗinka buhu mai kauri har ƙugiyar ƙasa ta goce. A nan aka ga amfanin lamunin mai unguwa. Babu wanda ya ɗaga murya. Mai unguwa ya kira maigidan da mai kula da ɗakin karatu zaurensa bayan Isha'i, ya ce, "Malam, kai ka faɗi abin da gyara zai ci. Kai kuma Alhaji, da hannunka ka dangwala." Aka raba kuɗin biyu tsakanin gidan da maƙwabcin da ya kawo buhun, aka kai kan keken Birnin Kebbi aka gyaro.

Sai ambaliya. A ƙarshen Agusta da farkon Satumba na 2020 ruwa ya malale fadamun Kebbi ya cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa, ya shiga gidaje a garuruwan da ke bakin gulbi, har da unguwar da ɗaya daga cikin kekunanmu yake. Matar da ke riƙe da shi ta kwance kan cikin dare ta ɗora a ka, ta bar wasu kayan ɗakinta a ruwa, ta kai shi gidan iyayenta da ke kan tudu. Ƙafar ƙarfen ta kwana huɗu a ruwa ta yi tsatsa, aka goge ta da kananzir da takardar yashi. Da mai kula da ɗakin karatu ya je duba keken ya ji yadda aka yi, bai ce komai ba sai addu'a da ya yi mata, amma tun daga ranar ban sake jin ya kira aron kayan aiki kasada ba.

Bayan an buɗe

Gwamnatin tarayya ta ba 'yan ajin ƙarshe damar komawa makaranta daga 4 ga Agusta, jarrabawar WAEC ta fara ranar 17 ga watan, mu ma muka fitar da bencina baranda da gindin dogon yaro domin masu bita. Zauren ƙere-ƙere sai a Oktoba aka buɗe shi, mutum huɗu a lokaci ɗaya, tagogi a buɗe, kowa da takunkumi.

A zaman Nuwamba aka tayar da maganar ko a dawo da tsohuwar doka tunda uzurin ya kau. Masu son a dawo da ita sun ce 'yan makarantar da ke zuwa bayan La'asar suna tarar da wurin keke babu keke, kuma gaskiya suka faɗa. Malama ta ce matan cikin gida su ma 'yan gari ne, da gudummawar mazajensu aka sayi kekunan. An tsaya a kan keke biyu su zauna a zauren, ɗaya ya riƙa zagaya unguwanni mako bibbiyu bisa sharuɗɗan nan na farko, aka kuma ƙara almakashi da samfuran kwali da akwatin kayan gyaran keke cikin abin da ake iya ara. An amince kuma cewa idan an sami kuɗi, bayan batir, abin da za a fara saya shi ne keken hannu mai murɗawa, domin ba shi da ƙafar ƙarfe, mace ɗaya tana iya ɗaukarsa a ka. Maganar teburin lantarki an ɗage ta, domin ba a sami wanda ya kawo hanyar fitar da shi ba tare da haɗari ba.

A ranar ƙarshe ta Disamba da na rufe littafin zaman shekarar, keken da ke yawo yana gida na goma sha ɗaya tun da aka fara aron, akwai kuma gidaje 7 da suka rubuta suna suna jiran layi, uku daga cikinsu a unguwar da ruwa ya shiga.